Yumɓun da Adda Ta Kwaɓa

Da hantsi ne, wajen ƙarfe tara, ana ta yayyafi tun bayan sallar asuba, irin ruwan nan na tsakiyar damina da ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ina zaune a zauren gidan da muke haya a Sabon Birni ina gyaran ƙotar fartanya, sai na ji babur ya tsaya a ƙofa. Da na leƙa sai ga Yaya Abdulrauf yana saukowa, taɓo har gwiwar wandonsa.

Yaya Abdulrauf wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha uku ya ba ni. Shi ya yi karatu har ya zama Dakta a kimiyyar haɗa sinadarai, yana koyarwa a wata jami'a can nesa da mu. Ni a aji huɗu na tsaya, na kama noma. Bai taɓa zuwa gida bai bugo waya ba, bai kuma taɓa zuwa babu motarsa ba.

"Yaya, lahiya? Ina mota?"

"Na bar ta Sakkwato. An ce hanyar ga ba ta son mota mai kyau."

Muka gaisa, na shimfiɗa masa tabarma. Matata Sadiƙa ta aiko da kunu, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, har na san akwai magana.

"Labbo, ka tuna yumɓun da ka aiko min, shekara bakwai ke nan?"

Na ce na tuna. A gidanmu babu wanda zai manta da yumɓun nan, don shi ya fitar da sunan Yaya duniya. Yadda ya taɓa yi mini bayani, akwai abin da ake sa wa a cikin haɗi don haɗin ya yi sauri, kamar kanwa a tukunyar wake, sai dai ita kanwa narkewa take yi, shi kuwa wannan in an gama sai a tsame shi a sake aiki da shi. Yaya ya gasa yumɓun bakin gulbinmu, ya daka shi, ya zuba a tsohon man suya, sai man ya koma irin wanda inji ke sha. Ya rubuta takarda a kai, wata mujalla ta ƙasar waje ta buga. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne ya ce yumɓun haka Allah Ya yi shi, da gishirin toka a jikinsa, ba sai an ƙara masa komai ba.

Daga nan aka fara ƙirga. Ashe su masana, duk wanda ya yi rubutu ya jingina da naka, sai ya ambaci sunanka, kamar yadda malamai ke cewa wane ya ji daga wane. Akwai wani shafi a waya da ke tara adadin. Yaya ya nuna mini shi, na iya buɗewa. Marigayi Baba, har cikin ciwon da ya tafi da shi, yakan ce, "Labbo, duba muna, nawa yanzu?" In na ce an ƙaru da uku sai ya ce, "Mutum uku sun gai da ɗana." Ya rasu adadin yana ɗari biyu da sittin. Ran da Yaya ya zo ɗin nan ya kai ɗari huɗu da talatin da takwas.

"Takardar nan ana so a janye ta," in ji Yaya.

"A janye ta zuwa ina?"

Ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ido ba. Ya ce masu bincike a ƙasashe biyu sun nemi yumɓun don su gwada da kansu. Sau uku yana biyan wani direba ya ɗebo daga bakin gulbi yana aika masu, sau uku abin bai yi ba. Shi ma ya gwada a ɗakin gwajinsa, man ya zauna yadda yake. Wanda na aika masa da farko kuwa ya ƙare tuntuni. Yanzu masu mujallar sun rubuto, sun ba shi kwana talatin ya kawo hujja, in ba haka ba za su sanar da duniya cewa lissafinsa abin shakka ne.

"Ka gane? Suna nufin ƙirƙira na yi. Maƙaryaci. Ga takardun zama Farfesa suna gaban masu dubawa, ga ɗalibaina biyu da suka ɗora digirinsu kan maganar nan. Kwana goma sha ɗaya suka rage." Ya mayar da tabarau. "Direban nan bai san wurin ba, shi ke nan. Kai ka haƙa. Tashi ka kai ni daidai inda ka sa fartanya."

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙotar da ke hannuna, domin yumɓun da na aika masa ba ni na haƙo shi ba.

Ga yadda aka yi. Shekarar nan muna ƙauyenmu kusa da kufan Alƙalawa, 'yan bindiga ba su kai ga tashinmu ba. Yaya ya bugo waya ya ce in je ramin da kakarmu ke ɗebo yumɓu in cika masa rabin buhu. Kakarmu maginiyar tukwane ce, kowa Adda yake ce mata, har 'ya'yanta. Na je ramin, na ɗebo, na kawo gida. Da na zazzage sai na ga abin duk saiwoyi da tsakuwa da ɓawon katantanwa. Adda ta leƙo ta ce, "Wagga shara za ka aika ma Dakta? Cikin jami'a, gaban mutane? Baƙo dai ba a ba shi tsaba, tuwo aka tuƙa mai." Ta buɗe tsummar da ta rufe nata yumɓun, wanda ta kwana uku tana kwaɓawa, mai laushi kamar man shanu, ta yanko mini rabin buhu. Na ji daɗi ƙwarai. Na kai tasha da kaina. Ban gaya wa Yaya ba, don a wurinmu in ka kyautata wa babba ba ka bin sa da bayani.

Da na ga sunansa yana ta hawa, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ni a ganina yumɓu yumɓu ne, ɗaya dai an tsabtace shi.

"Yaya, hanyar can hwa ba ta biyuwa. Shekara biyu rabona da ita."

"Na sani. Ba kwana za mu yi ba."

Ya kamata in faɗa masa nan take, a zaure, muna zaune. Na tashi na fito da babur ɗina, na ɗaura fartanya da buhu a baya, Sadiƙa tana tsaye bakin ƙofa tana kallona.

Muka fita daga gari. A shinge na ƙarshe masu gadi suka ce in mun matsa sai mun tafi, to kada azahar ta same mu a can. Bayan shingen duniya ta yi tsit. Gonakin da a da gero ke rufe mutum a irin wannan lokaci duk sun zama ciyawa. Ba jaki, ba mace da ƙwarya a ka, ba hayaƙi ko ɗaya. Na ga gonar Lawwali maƙwabcinmu, wanda aka ɗauke yana noma bara, har yau babu labari, tafasa ta cinye ta. Yaya yana bayana ya riƙe kafaɗata.

Na yi ta tunani. In na kai shi ramin, ko mun dawo lafiya, yumɓun ba zai yi ba, ya ɓata kwanakin da suka rage masa. In ba mu dawo ba kuwa, 'ya'yansa huɗu. Duk don ina jin kunyar buɗe baki.

Na tsayar da babur a gindin wani gawo. Gawo da damina ba shi da ganye, ruwan yana sauka kanmu kamar muna fili.

"Mi ya hwaru? Mai ya ƙare?"

"A'a. Yaya, sauka in gaya maka magana."

Na gaya masa duka, da saiwoyin, da maganar tsaba da tuwo, da tsummar da Adda ta buɗe. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Na zaci zai mare ni, da ma ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya tsuguna a gindin gawon, ya dafa kai da hannu biyu. Ruwa yana ɗiga daga bakin hularsa.

"Kwaɓaɓɓe," in ji shi a hankali. "Da mi ta kwaɓa shi?"

"Ban sani ba duka. Na dai san tana sa ruwan toka."

Ya yi wata dariya gajera mai ban tsoro. "Ruwan toka. Na auna, na ga gishirin toka a ciki, na ce baiwa ce Allah Ya yi wa ƙasarmu. Na tsaya gaban mutum ɗari biyar a taro na faɗi haka, suka tafa min. Ashe tokar murhun Adda ce." Ya ɗago ya dube ni. "Labbo, na ce ka je rami. Ban ce ka je rami ba?"

"Ka ce."

"To don mi?"

"Na ga bai dace da kai ba."

Can ya ce, "Ni ma ban tambaya ba. Buhu ya iso, na ga yumɓu sumul babu ko tsakuwa ɗaya, ni da na tashi bakin gulbin nan, na san yadda ɗanyen yumɓu yake. Ban tambaya ba, don abin ya yi mini daɗi." Ya miƙe. "Juya. Kai ni wurinta."

Adda tana zaune wurin gwaggonmu Khadija, a wata shiyya ta bayan kasuwa, cikin wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye buhuna a ciki. Tun da muka taso ba ta sake gina ko kasko ba. Babu yumɓu, idanunta sun yi yana, mutane kuma sun koma amfani da roba. Muka same ta a kan tabarma ta lulluɓa da zane biyu. Da ta ji muryar Yaya sai ta gyara zama.

"A'a! Mai gidana na? Yau ka tuna kana da mata? Ina cefane? Ko ka zo hannu biyu kamar mai rawa?"

Kullum in ta yi masa irin wannan wasan na kaka da jika yakan rama, ya ce ai ya sake ta tun da haƙoranta suka zube. Ran nan ya durƙusa ya gaishe ta kawai.

"Wanga miji yau ba lahiya," in ji ta. "Labbo, mi kunka yi mai?"

Yaya ya ce, "Adda, yumɓunki na tukwane, mi da mi kike sa mai?"

"Kishiya za ka koya ma sana'ata?"

"Don Allah, Adda."

Ta ji yadda ya faɗa, ta bar wasa. Ta ce da farko a jiƙa yumɓu kwana uku, a tsince shi. Sannan tsingaro, amma ba kowane ba, na kufan Alƙalawa, baƙaƙen nan da ruwan sama ke tonowa, na tukwanen mutanen da. A daka su lukui. Sannan ruwan tokar karan gero, wanda aka tace kamar za a yi miya, da shi ake kwaɓi maimakon ruwan rijiya. Haka uwarta ke yi, ita ma haka ta gani wurin tata uwar, don tukunya ta yi ƙara in an ƙwanƙwasa kuma kada ta tsage a wuta.

Yaya ya fito da biro da takarda. "Tsingaron kamar yaya? In yumɓu ya kai tiya goma, tsingaro tiya nawa?"

"Tiya? Hatsi nika saidawa?"

"To ruwan tokar fa? Ƙwarya nawa?"

"Har shi daina kama hannu."

"Adda, ba za ni iya rubuta 'har shi daina kama hannu' ba."

"To kada ka rubuta. Hannu ka sani, ba takarda ba. Yumɓun rani daban, na damina daban, tokar bana ba ta bara ba ta." Ta juya fuska wajena. "Wai mi anka yi na?"

Ni na yi mata bayani, yadda na iya. Na ce mutum ɗari huɗu da talatin da takwas a duniya sun ambaci Yaya saboda yumɓun nan, yanzu kuma ana so a ce ƙarya ya yi.

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Ashe duk ni sunka ambata. Ɗari huɗu, ko goro ɗaya babu wanda ya aiko min." Babu wanda ya yi dariya. Ta ce, "Ni na hana yaro shi aika maka shara. In laihi na, nawa na. Kada ka riƙe ƙanenka."

Yaya ya ajiye biro. Ya ce, "Babu saura? Ko kaɗan, wanda ba a gasa ba?"

"Mun baro komi can. Kai ma ka sani, da zanen jikinmu munka hito."

Sai idona ya faɗa kan wani abu a gefen tabarmarta, wajen kai. Wani curi ne busasshe, girman dunƙulen fura biyu, samansa ya yi sulɓi yana ƙyalli saboda shafa. Kullum ina ganinsa ban taɓa kula ba. Da shi take taimama tun da ciwon ƙafa ya hana ta taɓa ruwan sanyi.

"Adda, wancan fa?"

Ta laluba ta ɗora hannu a kai, kamar mai kare shi. "Wanga na sallata na. Shi kaɗai na ɗauko, ƙulle ga bakin zanena, ran da munka gudu. Kwaɓin ƙarshe da niy yi."

Yaya bai roƙe ta ba. Ta daɗe hannunta yana kai. Daga baya ta ɗauka ta miƙa wajen da take jin numfashinsa.

"Amshi. Sadakina na biya ka, ka sake ni ke nan."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya naɗe shi a hankici, ya sa a leda, ya sa a jaka.

A waje, ƙarƙashin rumfar gwaggo, na tambaye shi ko yanzu shi ke nan, an tsira.

"A'a," in ji shi. "Wannan zai nuna ban ƙirƙiri lissafi ba, in sun yarda su gwada. Amma abin da na ce a takardar, cewa haka ƙasar take, ba gaskiya ba ne. Takarda ta mutu. Ni za ni rubuta masu da kaina in ce su janye ta, kafin su yanke."

"To adadin fa? Ɗari huɗun?"

"Yana nan, ba ya gogewa. Zai ma ƙaru. Sai dai daga yau wanda duk ya ambace ni, don ya ce kada a bi hanyar Abdulrauf ne."

"Farfesan fa?"

"Ba bana ba. Baɗi ma ban sani ba." Ya dubi ruwan da ke gudu a lungu. "Ɗaliban nan biyu su nike tunani. Ɗaya mace ce, da goyo ta yi aikin."

Ya fito da waya, ya tsaya nan a tsaye yana rubutu da Turanci. Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa. Ina gefe ina kallon yatsansa. Da ya gama ya daɗe bai taɓa komai ba, sannan ya danna, ya mayar da wayar aljihu.

"Gara Baba bai ga wannan ba," in ji shi, ba da ni yake ba.

Na kai shi tasha. Motar Sakkwato saura mutum biyu, ya biya kujeru biyun don a tashi. Na tsaya jikin taga, ina so in ce ya yafe mini, ina kuma tsoron abin da zai ce. Ya rungume jakar a ƙirji. Da direba ya tayar da mota sai ya ce, "Ka gai da Sadiƙa," yana kallon gaba. Motar ta fita tana watsa ruwan taɓo.

Ban koma gida ba. Na bi ta bakin kwalbatin da ke bayan tasha, inda ruwa ke tara duwatsu. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan, har na sami wani mai faɗi, mai sulɓi, wanda ya cika tafin hannu. Na wanke shi a ruwan da ke gudu, na goge da rigata, na sa a cikin aljihu don ya sha ɗumin jiki.

Ana kiran la'asar na shiga ɗakin Adda. Ta yi barci a zaune, kanta ya jingina da bango. Na ajiye dutsen a gefen tabarma, daidai inda curin yake zama, na koma bakin ƙofa na tsuguna.

Kiran sallar wani masallacin ya tashe ta. Ta yi salati, ta miƙa hannu wurin da ta saba. Yatsunta suka taɓa dutsen, suka tsaya. Ta shafa shi gefe da gefe, ta juya shi sau ɗaya. Ba ta tambayi wanda ya kawo ba. Ta buga tafukanta a kai, ta shafi fuska, ta shafi hannuwa, ta fuskanci gabas ta kabbarta.